Kofin Shayin da Ba a Sha

Duk ranar Lahadi da hantsi, dattijon nan yakan sauka daga motar Omdurman ya nufo teburin Kulu mai shayi a Suk al-Shabi. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, da ɗan gicciyen katako a wuya. Tafin hannunsa duk kanta, shi ya sa Kulu take zaton magini ne. Kofi biyu yake saye. Ya sha ɗaya a hankali, ɗayan kuwa ya ajiye kan kujerar da ke gefensa.

Yau dai ta tambaya. "Baba, na biyun na waye?"

"Na ɗana ne," in ji shi, yana murmushi. "Da tare muke dawowa daga coci. Yanzu ya ce babu Allah. A wurinmu an koya mana cewa mutum yana iya juya wa Allah baya, amma Shi ba ya rufe ƙofa. To, ni wane ne da zan ɗauke kofinsa?"

Kulu ta matsar da kofin kusa da garwashi, kada ya huce.