Hanjin da na wanke

Har gobe ban manta da wata safiyar Talata a mahautar Dogon Dutsi ba. Na daɗe ina taimakon likitan dabbobi, ni ke buɗe ciki ya duba, sannan ya buga hatimi a nama. Ban yi nisa a lakkwal ba, karatun bokona kaɗan ne, don haka kontira ake ba ni shekara-shekara, kuma tawa saura sati biyu ta ƙare.

Shef, wato shugabanmu, ya zo da wata ɗaliba daga Yamai, riƙe da akwatin ƙanƙara. Ya ce, "Ɗan Baro, ba madam hanjin rago mai kyau. Ƙarfe tara motarsu ka tashi." Ya wuce buro, wato ofishinsa.

Mai kyau ya ce. Na juye hanjin, na kankare da bayan wuƙa, na wanke ruwa uku har ya yi fari tas.

Ta duba, ta dube ni. "Baba, ina yauƙin ciki?"

"Na zubar. Wa ka cin ƙazamta?"

"Shi na zo nema."

Wai cikin yauƙin akwai ƙananan ramuka, a gindinsu uwayen ƙwayoyin halitta ke zaune suna haifar sabuwar fatar hanji kullum. Akwai wani sinadari a cikinsu mai ba su umarni. Yawansa ke sa su ci gaba da haihuwa, ko su girma su kama aikin tsotsar abinci. Yawan nan take aunawa. Ni kuwa na tura shi kwata.

In ta koma hannu sake, sunana za a kai buro.

Rago ɗaya ya rage ba a yanka ba, na Na-Allah mahauci, wanda muka ƙwace wa hanta satin da ya wuce.

Na je na roƙe shi. Ya ce, "Yau kai ne ka roƙo?"

"Ni ne."

"Hantata fa?"

"Tsutsa gare ta, kai ma ka gani."

Ya zauna yana wasa wuƙa a hankali, ni ina duban agogo. Sai tara saura kwata ya yanka. Ya yanko hanjin tsawon yatsa, da ɗuminsa da ƙazamtarsa.

"Amshi. Don ɗiyar mutane na yi, ba don kai ba."

Ta samu motar, kuma ba ta faɗa wa shef komai ba. Aka sa mini hannu a sabuwar kontira.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in babba ya ce ku kawo abu, ku tambaye shi me za a yi da shi, ko zai harare ku. Su ba su faɗi, kuma in ya ɓaci ba su ake kora ba.