Rumbun Da Sai An Kira Shi Da Suna

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Injiniya Hamadu. Tare muka yi aiki a wata ƙaramar cibiya a Garwa. Ni nake zaga ƙauyukan Gidar, Bogo da Mindif ina ɗaukar muryoyin tsofaffi, shi kuma yake adana su a kwamfutoci masu tsarin da ake kira Unix.

Tsarinsa shi ne ya tara komai a babbar na'ura ɗaya da ke ɗakin baya, muryoyin kowane gari da nasu rumbun a cikinta. Kwamfutocin biro, wato ofis, ba sa riƙe komai. Idan ka rubuta sunan rumbun da kake so, kwamfutarka za ta janyo shi da kanta ta waya. Idan ka bar shi na ɗan lokaci, sai ta sake shi. Wanda ya leƙa bai ambaci suna ba, fili zai gani fetal.

Na taɓa ce masa wannan tsari zai ruɗi mutane. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ko ni ba na zuwa gidanka sai ka kira ni."

An ce gani ya kori ji, amma a nan gani ne ke ɓatar da mutum. Sabon shef, shugaban cibiyar, ya leƙa kwamfuta, ya ga fili, ya yanke cewa tsohuwar na'urar wuta kawai take sha. Ƙarshen watan nan za a kashe ta a fitar. Na yi bayani, an saurare ni da ladabin da ake yi wa ɗan fansho.

Me Hamadu zai ce da wannan zamani? Wasu ƙauyukan arewa da na zauna a ciki sun watse tun da rikici ya iso. Masu muryoyin sun rasu, jikokinsu na gudun hijira. Rashin sani ya fi dare duhu.

Makon jiya na roƙi a bar ni in zauna gaban wata kwamfuta. Na rubuta "mindif". Rumbun ya zo. Muryar wata tsohuwa ta fara lissafo rijiyoyin garinsu. Na fita neman shef, aka ce ya tafi Marwa. Kafin in dawo, na'urar ta saki rumbun, allon ya koma fili.

Aikin Hamadu bai mutu ba, har yau yana amsawa. Mu da muka san sunayen kira ne muke ƙarewa. Allah Ya ji ƙansa.