Ranar da Na Ce Bincike Na Zo Yi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Samaru, malaminmu ya ce kowa ya tattaro sunayen saiwoyi da sassaƙen da ake magani da su. Na hau bas zuwa kasuwar Sabon Gari, na sa farar riga, ga katin shaida a wuya da fayil a hammata.

Aka nuna mini rumfar wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da jiƙo. A Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi tawa.

"Sannu, Iya. Bincike na zo yi," na ce.

A makaranta kalmar nan kullum a bakinmu take, nazari kawai muke nufi. Ita kuwa sai ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ta dubi katin wuyana, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, wa ya kai ƙarata?"

Nan take na gane ta ɗauke ni ma'aikacin hukuma. Magana ɗaya ta isa ta warware komai, amma na yi shiru, domin na ji abokaina na kukan masu magani ba sa sakin baki. Ta dinga buɗe kwalabe tana faɗa mini sunan kowane itace, inda ake samo shi, da yadda ake jiƙa shi. Ni kuwa ina ta rubutu. Har da yi mata tambayoyi irin na tuhuma: "Kin tabbata? Wa ya koya miki?"

Bayan mako biyu na koma, saboda sunan wata saiwa ya shige mini duhu. Rumfar a rufe take. Maƙwabciyarta mai sayar da busasshen kifi ta ce, "Tun ranar da mai bincike ya zo ta zubar da jiƙonta duka. Tana gida, hawan jininta ya tashi." Ba ta gane ni ba, ranar kaftani na sa.

Na nemi kwatance, na je gidan. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Iya, ni ɗalibi ne. Ba wanda ya aiko ni sai malamina."

Ta kalle ni, ta ce:

"To me ya hana ka ce tambaya ka zo yi? 'Yan makaranta nawa suka zauna a bencina na koya musu? Kai ko zama ba ka yi ba."

Ta karɓi littafina, ta sa jikarta ta karanto mata abin da na rubuta, ta gyara mini sunaye huɗu da ta faɗa ba daidai ba saboda tsoro.

Aikina ya fi na kowa maki. Da malam ya tambaye ni a gaban aji yadda na shawo kanta, na ce haƙuri na yi da ita.