Ranar da na faɗi aibin littafi

Ni dillalin tumaki ne a karar Tawa, wato kasuwar dabbobi. Lakkwal kuwa, wato makarantar boko, ban daɗe a cikinta ba, ina fara haɗa baƙi anka ce in koma kiwo. Tun ina yaro ubana ya sa mini abu guda a kai: in za ka miƙa wa mutum dabba, faɗa masa aibinta kafin ya kama igiya. Tana tari, ka faɗa. Tana cin leda, ka faɗa.

Hutun daminar bara, ɗiyata ta fari, wadda ke kolej, ta zama kamar an ɗinke mata salula a hannu. A kira ta sau uku, sai "na'am" ba tare da ta ɗaga kai ba. Mushensu, malaminsu na kolej, ya tare ni a hanya ya ce yarinyar tana da kai, amma in ta yi hutun nan ba karatu, kan zai yi tsatsa. Ya ce in samo mata littafin labari, ko da guda.

Ran Lahadi, da na sallami wasu Buzaye da sunka zo da raguna daga Takanamat, na tahi wurin wani tsoho mai shimfiɗa littattafai a tabarma. Ƙafafuna na ciwo, ba ni da lokacin surutu.

"Baba, wanne ya dace da budurwa mai taurin kai?"

Ya miƙo wani mai kauri. Na tambayi abin da ke ciki, ya ce nasiha ce tun daga fari har ƙarshe. Na ce ta ƙoshi da wannan a gida, uwarta na ba ta safe da marece. Ya ɗauko wani na Hausa, ɗan siriri, da hoton raƙumi. Wai labarin yaro ne da anka sace wa ubansa raƙuma, ya bi sawu har arewa.

"To, wa ya sace?"

"Haba, ai ba a tambayar wannan!"

"Ni ba ni sayen dabba ban buɗe bakinta ba."

Na tsaya masa a kai har ya gaji, ya ce kawun yaron ne ɓarawon. Na biya, na ɗauka na wuce.

A gida na iske ɗiyar tawa a gindin itacen bedi. Na miƙa mata, na kuma yi abin da na saba: "Ga shi. Bangon baya ya ɗan yage, kuma ki sani tun yanzu, kawun yaron ne ya sace raƙuman."

Ta dube ni kamar na zuba mata ƙasa a fura.

"Baba! To mi ya rage in karanta?"

Uwarta da ke daka ta saki taɓarya don dariya. "Malam, littafi ka kawo ko tunkiya?"

Yarinya ta cusa shi ƙarƙashin tabarma ta koma ga salularta. Na ce shi ke nan, kan nan sai tsatsa, kuma ni na jawo.

Sai ga ruwa ya sauko da iska, wuta ta ɗauke, salula ta mutu. Rashin abin yi ya sa ta jawo littafin tana ƙunƙuni. Washegari anka kawo wuta, ba ta ko nemi caja ba. Tuwo ya yi sanyi a gabanta.

Ina gauraya wa raguna dusa ta fito da gudu, littafi a sama.

"Baba, an cuce ka! Yaron ko kawu ba shi da shi!"

Ashe tsohon nan bai taɓa karanta shi ba, ya dai faɗa ne don in tashi masa daga tabarma.

"To wa ya sace?"

"Ba ni faɗi. In kana so, zauna in karanta maka daga fari."

Na ce ni na gaji. Ta ce ita ma ta gaji. Na kife bokiti na zauna a kai. Ta karanta har yaron ya hangi raƙuman a bakin wata rijiya, sai ta rufe, wai sauran sai gobe, kuma sai na yi alkawarin wani littafin ran Lahadi.

Na yi alkawarin mana. Ina da zaɓi?