Tururuwar Chin Luom

Mijina Chin Luom ya gaji itatuwan lemo sittin a bakin ruwan garin Phong Dien, amma abin da yake kira gado shi ne jar tururuwa, mai ɗinke ganye ta yi gida a kan reshe. Ita ke cinye tsutsa da ƙwari. Bai taɓa fesa magani ba. Igiya yake ɗaurawa daga itace zuwa itace don su riƙa ziyartar juna, da rani kuma ya rataya musu hanjin kaza. Ni da na dafa kazar ban taɓa jin na gode ba.

Yana da ƙa'ida guda. Kafin ya haɗa itace biyu da igiya, sai ya ɗauko tururuwa ɗaya daga wannan ya ajiye a cikin na wancan. In sun shinshine ta sun wuce, gida ɗaya ne. In sun danne ta, bare ce, babu igiya.

Nakan ce, "Tsoho, kai da ba ka san sunan jikokinka ba, ka san dangin ƙwaro?"

Ya ce, "Jikokin naki sun taɓa kashe mini tsutsa?"

Shekarar da maƙwabci ya yi feshi, iska ta kawo mana, tururuwar yammacin gonar ta mutu ƙaf. Saura ta gabas, jinin waɗanda ubansa ya bari. Tsutsa ta fara naɗe ganye. Chin Luom ya daina cin shinkafa, sai hayaƙin taba.

Na tuƙa kwalekwale zuwa gidanmu, na shafa toka har gwiwar hannu saboda cizo, na yanko gidajen tururuwa bakwai a mangwaron yayana, na rataye a yamma. Har nan na yi daidai. Sai na ga igiya a ƙasa, na ce me za a jira? Na ɗaure daga yamma zuwa gabas, na tafi wanki.

Da na dawo, igiyar ta yi ja. Sun cure da faɗa suna faɗowa cikin lambatun ruwan da ya ratsa tsakiyar gonar, kifi na ta wawa. Chin Luom ya fito a guje da adda, ya datse igiyar, suna zubo masa a wuya bai ko karkaɗe ba.

"Matar nan, wa kika tambaya?"

"Ai duk ja ne!"

"Ke da uwata ma duk mutane ne. Kun taɓa zama ɗaki ɗaya?"



Tururuwar ubansa a itace huɗu kawai suka rage. Wata biyar yana lallaɓa su, yana ƙara igiya ɗaya bayan ɗaya, har suka sake cika gabas. Nawa suka riƙe yamma. Lambatun tsakiya ya zama iyaka, reshen da ya miƙa hannu ya tsallaka sai ya sare shi. Lemon shekarar ya lalace, na wadda ta biyo ya zo da ruwa da sheƙi. Yakan leƙa yamma ya ce, "Surukai, an tashi lafiya? Cizon naku irin na 'yarku ne."

Shekara tara ke nan da rasuwarsa. Yaran yanzu kwalbar feshi suke so, ba su da haƙurin tsugunawa su kalli tururuwa ɗaya. Ni ce ke rataya hanjin kazar, kuma gabas nake fara kai wa. Nawa su jira.