Maɓallin Baba na Kusurwa

Baba yana buga wa mutane takardu da kwamfuta a shagonsa na Titin Koudoukou: da Faransanci in ta ofis ce, da Larabci in gayyatar sadaka ce. Da ɓarin jikinsa ya shanye, yatsa ɗaya ya rage masa na aiki. Sauya harshe a kwamfutar kuwa sai an danne maɓallai biyu tare. Ina kallonsa yana cije leɓe yana gwadawa, ya ƙi kiran kowa.

Na shiga saitin na mayar masa da shi maɓalli ɗaya, na can kusurwar hagu ta sama. Ya danna, Larabci ya fito. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya yi ta dannawa har fentin wurin ya goge.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan sadakar arba'in ɗinsa mijina ya karɓi shagon. Rannan yake gaya mini wai ya gyara wani shirme, ya mayar da maɓallan yadda kowa ya sani. Na yi masa tas a gaban mutane.

Minti ɗaya ya ishe ni in sake saitawa. Na zauna, na ɗora yatsana inda fentin ya goge, sai na rasa wanda zan saita wa.