Abin da Mai Wankan Gawa Ya Yarda Ya Faɗa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Ɗambatta, ni da ƙanen mijina. Motar mutum goma aka cusa mu sha huɗu, kuɗin kuma ya ninka na bara. Da na yi ƙorafi, direba ya ce in sauka in tambayi gidan mai. A tasha muka sha kunu da ƙosai, ƙosan kamar da cokalin shayi aka auna.

Ba daɗi ne ya fito da mu ba. Sagiru ɗan yayata, mai shekara sha shida, 'yan sanda suka kwashe da abokansa a filin ƙwallo, wai an sace waya. Bayan kwana biyu aka kawo gawarsa, aka ce zazzaɓi ne, kafin la'asar an binne shi. Lauyar da muka samu ta ce ba shaida ba ƙara, kuma mutum ɗaya ne ya ga jikinsa: Malam Audu mai wankan gawa.

Daga Makoda muka hau babur muka ratsa gonaki. Gero ya fi mutum tsawo, hanya tsit. Wallahi har muka shiga ƙauyen su Sagiru ban ga saurayi ko ɗaya ba, sai tsofaffi, kowa ya amsa sallama ya sunkuyar da kai. Filin ƙwallon an shuka masa wake, turakun raga na tsaye a ciki.

A zaure muka tarar da Malam Audu. Na durƙusa na faɗi buƙatata.

Ya ce, "Hajiya, abin da mai wanka ya gani amana ce. Da shi za a binne ni."

Raina ya ɓaci. "Haba Baba! Wanda ya yi abin fa yana can yana yawo da kakinsa!"

Ya kalli tafukan hannunsa.

"Abin da na gani ba zan faɗa ba. Amma abin da na yi nawa ne. Shekara arba'in ina wanka. Yaron nan taimama na yi masa, jikin ba zai ɗauki ruwa ba. Rubuta, in dangwala."

Na rubuta, ya dangwala.

A hanyar dawowa an tare mu a shinge sau biyu, takardar na ƙunshe a haɓar zanena, ban yarda na haɗa ido da kowa ba. Mun iso Kano kafin magariba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa saurin da muke yi mu suturta mamatanmu don mutunta su, wasu sun mai da shi maɓoya. Takarda tana hannun lauya. Yayata ce ban san da bakin da zan gaya mata ba. Har yau ta ɗauka an yi wa ɗanta wanka.